Anti Sake da Ajin Minti Ashirin

A kamfanin wankin da ke bayan tashar jirgin ƙasa, babu wanda ya san ta da wani suna sai Anti Sake. Sababbin ma'aikata ne suka laƙaba mata, don duk lokacin da ɗayansu ya murguɗe wata kalma ta yaren gari, sai Hausa ta kuɓuce mata, ta ce, "Sake! Sake faɗi!" Har waɗanda ba su jin Hausa ko "zo in kashe ka" sun haddace wannan. Da farko tana ɓata rai, daga baya ta gaji ta ƙyale su. Yanzu ko Manaja da shi yake kiranta.

Shekararta goma sha tara a wurin. Ta zo garin da jaririya a baya, ta biyo mijinta da ya samu aikin tuƙin bas, ba ta san ko yadda ake cewa "ruwa" da yaren mutanen ba. Otal-otal da asibitoci ne ke aiko wa kamfanin zannuwan gado da tawul da rigunan ma'aikatan jinya, a wanke, a busar, a goge, a ninke, a mayar musu. Ita a injin guga aka ajiye ta, wani ƙaton abu mai tsawon ƙaramar mota. Mutum biyu na zura masa zanen gado ta gaba, biyu na tarba ta baya suna ninkewa. Daga bakwai na safe zuwa huɗu na yamma tana tsaye cikin tururi, da ƙarar da sai ka kai baki kusa da kunnen mutum kafin ya ji ka.

Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata yaren. Shekara biyu ta yi tana gyaɗa kai ga maganar da ba ta gane ba. Akwai ranar da aka tambaye ta ko za ta riƙa zuwa aikin Lahadi, ta gyaɗa kai tana murmushi, a zatonta ninkinta ake yabawa. Wata uku ba ta ga hutu ba. Ta roƙi maigidan ya koya mata, shi kuwa ya dawo a gajiye, ya miƙe ƙafa ya ce, "Ni ma fa a titi na tsince shi. Ki buɗe kunne, zai shiga." Ya shiga ɗin, amma da ƙyar, kalma ɗaya yau, rabin jimla jibi, wani daga bakin mai kanti, wani daga faɗan da ake mata a wurin aiki.

A shekararta ta takwas abin ya faru. Wata sabuwar ma'aikaciya, kwananta uku da farawa, bakin zane ya naɗe mata hannu, injin ya ja. Mutane na ta ihu da yaren gari, "Tsayar! Danna ja!" Wanda ke tsaye kusa da jan maɓallin kashe injin shi ma sabo ne, ya tsaya yana raba ido, bai san da shi ake ba. Kafin Anti ta zagayo ta danna, yatsu biyu sun tafi.

Washegari Manaja ya kira ta ofis. Mutum ne mai furfura, mai yawan shafa goshi. Ya ce mata da yaren gari, "Ke kina jin yarensu. Ki koya musu namu."

"Wanne daga ciki?" ta ce. "Yare bakwai ne a ɗakin nan, ɗaya kawai nake ji."

"Amma kina jin namu, kuma ba a nan aka haife ki ba. Yadda kika yi, su ma su yi."

Ya ba ta minti ashirin daga cikin hutun cin abincin rana, da wani lungu a bayan injinan busarwa inda ƙara ke da ɗan sauƙi, da littafi mai bango mai sheƙi. Ta kai littafin gida. 'Yarta, wadda suke kira 'Yar Baba, lokacin tana firamare, ita ta karanta mata. Darasi na farko, yadda ake kama ɗaki mai kallon teku a otal. Na biyu, yadda ake yaba wa kuku a gidan cin abinci. Maigidan ya yi dariya har da tari.

"Koya musu, Uwargida," in ji shi. "Wata rana sa kwana a kan zanen da suka goge."

Littafin ya ƙare a ƙarƙashin ƙafar teburin lungun, don dama teburin na rawa.

Sai ta zauna ta tuna abin da ya fi cin ranta a shekarun gyaɗa kai. Ta ga ba ƙarancin kalmomi ba ne ya fi wahalar da ita, kunyar a gane ba ta gane ba ce. Saboda haka abin da take fara koya wa kowa, tun kafin gaisuwa, jimla biyu ne: "Ban gane ba," da "Maimaita a hankali." Ba ta wucewa gaba sai mutum ya iya faɗinsu yana kallon idonta. Daga nan ta tashe su tsaye su bi ta inji-inji. Ba ta yarda a faɗi kalma hannu na aljihu. In "zafi" ce, a kai tafin hannu kusa da ƙarfen har a ji hucinsa. In "tsayar" ce, a danna jan maɓallin da gaske, a ji injin ya mutu. Manaja ya yi ƙorafi sau biyu a kan kashe masa inji da rana tsaka, sannan ya tuna dalilin ajin, ya yi shiru.

Ba ta koyar da kalma ita kaɗai tsirara. Ba za ta ce "safar hannu" ta tsaya ba, sai dai, "Ina son safar hannu, tawa ta yage." Kuma ranar da ka koya, ranar za ka je ka faɗa wa Mai Sito. Shi Mai Sito ɗan gari ne, mai ɗaurarriyar fuska, yana magana kamar ana korarsa. Ta roƙe shi kada ya ba kowa komai da nuni, sai an buɗe baki an tambaya. Ya karɓi wannan aiki da murnar da ta fi ƙarfin abin da ta nema. Sai ka ga ƙaton mutum tsaye a tagar sito yana zufa, Mai Sito ya harɗe hannu yana jira.

Ta kuma lura in aka bar 'yan yare ɗaya a inji ɗaya, yini suke suna hira da nasu, wata shida ba su ƙaru da komai ba. Ta sa aka rarraba su, kowa ya tsaya da wanda ba su da abin haɗi sai yaren gari. An zage ta a kan wannan da yare bakwai. Hausawan cikinsu suka fi kowa jin haushi.

"Haba Anti," in ji wata, "ke da ya kamata ki ja mu a jiki?"

"In ja ki a jiki ki shekara biyu kina gyaɗa kai kamar ƙadangare? Je ki injinki, ƙanwata. Ran Asabar ki zo gida mu yi Hausar har bakinki ya yi ciwo."

Gyara kuwa, kuskure ɗaya take gyara wa mutum a rana. Ta gwada gyara duka, ta ga bakin mutane na rufewa ruf. Abin da aka koya Litinin za ta tambaya Talata, ta sake Juma'a, sannan bayan sati biyu ta tare ka da shi a bakin famfo, lokacin da kake wanke hannu ba ka zata ba. Ba a littafi ta ga wannan ba. Ta dai lura abin da aka bari ya kusa ɓacewa sannan aka janyo shi, shi ya fi zama.

Abin ya yi aiki, kuma a nan gajiyar take. Duk wanda bakinsa ya buɗe, sai ya ɗaga kai ya ga ashe akwai aikin da ba a yinsa a tsaye cikin tururi. Wannan ta tafi kanti, wancan ya koma tuƙin motar kai kaya, waccan ta samu shara a wata makaranta. Su zo su riƙe hannunta su ce ba za su manta da ita ba, Litinin ta zagayo a kawo mata wasu shida masu raba ido. Ta koma kan "Ban gane ba." Shekara goma sha ɗaya tana zagaya kalmomi ɗari biyun nan kamar bas ɗin maigidanta, hanya ɗaya, tasha ɗaya. Abincinta a tsaye take cinsa, cikin minti goman da suka rage, yawanci ya huce. Muryarta ta dushe. Gwiwoyinta suka fara ƙara in za ta miƙe daga sallah.

Akwai wadda ta kusa sa ta ajiye aikin. Mace ce mai kimanin shekara hamsin, daga wata ƙasa da babu mai jin yarenta a kamfanin, ana ce mata Shiru. Wata huɗu tana zuwa lungun, ta zauna a gefe da hannu a cinya, ba ta taɓa cewa uffan ba. Anti ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta aike ta wurin Mai Sito sau uku tana dawowa hannu wofi.

"Na gaji, Maigida," ta ce ran nan da yamma, tana shafa man zafi a gwiwa. "Wannan matar da dutse duk ɗaya. Gobe zan ce wa Manaja ya nemi wani."

Ya ajiye kofin shayinsa. "Ke wata nawa kika yi kina nuna wa mai kanti sabulu da yatsa?"

"Wannan daban."

"To."

Washegari ba ta je wurin Manaja ba. Ta daina neman magana daga Shiru, ta koma ba ta umarni kawai. Ɗauko tawul biyar. Kai wannan kwandon bayan inji na uku. Raba farare da masu kala. Sai ta ga matar ba ta kuskure ko ɗaya. Ashe duk abin da ake faɗa a lungun yana shiga, fitowa ce ba ta tashi ba.

A wata na shida, wata rana mai zafi da fankokin ɗakin suka lalace, jiri ya kwashi Anti a gaban inji. Ta ji an riƙe ta ta baya, ta ji wata murya mai kauri da ba ta taɓa ji ba tana cewa da yaren gari, "Zauna. Kin gaji da yawa. Ni zan kawo ruwa." Shiru ce. Kuskure biyu ne a cikin maganar. Anti ta zauna a kan kwandon tawul, ta sha ruwan, ba ta gyara ko ɗaya ba. Bayan shekara guda Shiru ma ta tafi, ta samu aiki a kicin ɗin wani asibiti.

Bara kamfanin ya koma hannun wasu, suka zo da ƙa'ida cewa duk mai koyarwa sai yana da takardar shaida. Aka kawo wata Malama, sau biyu a sati, da kwamfuta a jakar baya. Anti ta ɗaura ɗamarar rigima, sai ta tarar ba abokiyar rigima ba ce. Yarinya ce siririya, ta girmi 'yarta da kaɗan, wurin aiki huɗu take zagayawa a rana, idanunta sun faɗa. Satin farko ta manna jadawalin kalmomin aikatau a bango tana bayani, ma'aikata na cin abinci, biyu na gyangyaɗi. Da aka tashi ta samu Anti a bakin famfo.

"Anti, ke yaya kike sa su magana?"

"Tashe su tsaye."

"Shi ke nan?"

"Fara da shi tukuna."

Malamar ta tashe su tsaye, aji ya farfaɗo. Ita ma kuma ba hannu wofi ta zo ba. Ta riƙa naɗar jimlolin ranar da muryar Anti da ta Mai Sito, tana tura wa kowa a waya, su saurara a bas safe da yamma. Minti ashirin ya zama awa guda ba tare da an roƙi Manaja komai ba. Anti ta ji haushin yadda abin bai taɓa zo mata a rai ba. Sannan Malamar ta nuna mata wani ramin da ta daɗe tana tsallakewa: mutanenta na magana, amma ba mai iya karanta gargaɗin da ke jikin jarkokin sinadarin wanki, ko jadawalin aiki da ake mannawa a ƙofa, ko fom ɗin neman hutu.

Ran nan Malamar ta miƙa mata alli a gaban aji, ta ce ta rubuta jimlar safar hannu a allo. Anti ta karɓa, ta juya shi a hannu, ta ce wuyan hannunta na ciwo. Malamar ta kalle ta, ta karɓi allin ta rubuta da kanta. Sai da kowa ya watse ta ce a hankali, "Ba a koya miki rubutun ba, ko?"

"Wa zai koya min? Ina gane wasu da kamanninsu. 'Fita', 'Haɗari', lambar bas."

"Ki zauna jarrabawar nan, Anti. Zan taimake ki. In kika samu takarda, ajin naki ne a rubuce, a ɗauke ki daga gaban inji. Ni ko yau aka ce in tafi, tafiya zan yi."

Wata biyar suna yi, minti goma a nan, minti biyar a can. Ranar jarrabawa ta sa mayafinta mai kyau. A ɓangaren magana, mai jarrabawar ya tambaye ta aikinta, ta ba shi labarin Mai Sito har ya cire tabarau yana share hawayen dariya. A ɓangaren rubutu aka ce ta rubuta wa mai gidan haya wasiƙa cewa rufin ɗaki na yoyo. Ta san abin faɗa sarai, don ta taɓa faɗa wa mai gidan hayarsu fiye da haka a tsakiyar titi. Amma layi huɗu ta yi aka ce a ajiye biro.

Sakamakon ya zo a ambulan. 'Yar Baba, wadda yanzu take karatun haɗa magunguna, ita ta buɗe ta karanta a tsaye a ƙofar kicin. Magana, ta cinye duka. Rubutu, ba ta kai ba. Ana iya sake zama bayan wata shida.

"To, Allah bai yi ba," in ji Anti, ta ci gaba da yanka albasa.

"Umma, ni zan koya miki. Kowace Asabar da safe."

'Yar Baba ba ta gaji haƙurin koyarwa ba. Ta zauna da jan biro, kafin uwar ta kai ƙarshen layi ta ja mata layin gyara a ƙasa sau biyar. "Ba haka ba, Umma! Yanzu fa na nuna miki. Wannan harafin cikinsa dama yake kallo, wancan hagu." Maigidan na daga ɗaki yana cewa, "A dai yi a hankali da matata." Anti ta haɗiye abin da ke bakinta, don ta san in ta yi magana ajin ya watse ke nan.

A Asabar ta uku yarinyar ta ajiye biron tana kallonta. Uwar ta miƙar da littafin can nesa, ta dawo da shi kusa da hanci, ta runtse ido ɗaya.

"Umma, me kike gani a wannan layin?"

"Tururuwa. Suna tafiya."

"Tun yaushe?"

"Ai haka rubutun nasu yake, ƙanana kamar ana rowar tawada."

'Yar Baba ta rufe littafin. "Ɗauko mayafinki."

Likitan ido ya zaunar da ita a kujera, ya kunna allo mai haruffa. Ta ji kamar an mayar da ita ɗakin jarrabawa. Ya ce ba ci ba faɗuwa a nan, ta faɗi abin da ta gani kawai. Ya riƙa sauya gilasai a gaban idonta yana tambaya, wannan ko wancan, har aka kai wani da ta ce, "Af!" da Hausa. Ya duba takardarsa ya ce idon nan ya fi shekara goma yana neman taimako, na kusa da na nesa duka. Ya tambaya ko kanta ba ya ciwo da yamma. Ta ce ta ɗauka tururi ne.

Bayan sati suka koma suka karɓo tabarau. A bas ɗin dawowa ta zauna kusa da taga, tana bin allunan shaguna da leɓe, harafi-harafi, tana isa ƙarshen kalma bayan bas ya wuce ta. A wata tsayawa mai tsawo ta samu ta karanta wani allo har ƙarshe, ta taɓo 'yarta da gwiwar hannu.

"Ke, wancan benen mai koren ƙofa, ba asibitin haƙori ba ne?"

"Makarantar koyon rawa ce, Umma."

"Shekara da shekaru ina tausayin masu shiga."

'Yar Baba ta yi dariya har mutanen gaba suka waiwayo. Anti ma ta ɗan murmusa. Ta karanta wasu alluna biyu, sai ta ji idanun sun yi nauyi, kan ya fara sarawa, kamar yadda likitan ya ce zai yi a kwanakin farko. An riga an gaya mata za a mayar da Malamar wani reshe a ƙarshen wata, ba a kuma faɗi wanda zai maye gurbinta ba. Fom ɗin sake jarrabawa na cikin jakarta, ba ta cike ba, ba ta kuma yar ba. Ta cire tabarau ɗin ta goge da bakin mayafi, ta saka a gidansa, ta jingina kai da taga.

"In mun iso ki tashe ni," ta ce.